Tsakuwa ta shida a ƙofar lambun fada

Wallahi a kaina abin nan ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ina sayar da kayan babur a kasuwar Dogon Dutsi, hutun lakwal, wato makarantar boko, ya faɗo daidai nunar mangwaro, sai Inna, mahaifiyata, ta matsa a kai ta wata tsohuwar fada can wajen Tibiri, wai tana yarinya ta sha zuwa da kakarta. Muka ɗunguma mu shida a motar ƙanena: ni, Inna, matata, 'yan matana biyu da shi ƙanen nawa, direbanmu, ga kula cike da dambu.

Wani tsoho mai gadin wurin ya zagaya da mu zaure bayan zaure, ya nuna mana fasasshen tambari da gadon ƙasa na sarakunan da. Ƙanena ya haye gadon yana kumbura kumatu a yi masa hoto, Inna ta bi shi da mafici, muka yi ta dariya.

Da muka zo ƙofar lambu sai ga kasko a ajiye. Tsohon ya ce, "Kowa shi jefa tsakuwa guda cikin kaskon ga, in kun hito shi ɗauke tashi. Da ita aka sanin wa ya shiga."

Duk suka jefa, tsakuwa biyar. Ni kuwa a lokacin ina kan ganiyar zafin wa'azi, na ce, "Baba, wanga ai canfi ne." Inna ta harare ni. Shi ko murmushi kawai ya yi, ya ba ni hanya.

Lambun ba wani girma gare shi ba, mangwaro ne da lemun tsami da rijiya guda. Muka baje tabarma, muka ci dambu, yara suka sha mangwaro har gwiwar hannu. Can na tashi na ɗan matsa in amsa salula, ina gamawa na juyo na ga suna naɗe tabarma. Na ce su jira ni, babu wanda ya waiwayo. Na kwala wa matata kira, rana tsaka fa, tsakaninmu bai wuce taku ashirin ba, suka fice suna hira. Na bi su, sai katanga. Na koma ta ɗaya gefen, katanga. Sau uku ina zagayawa ina dawowa bakin rijiyar nan, gumi ya jiƙe mini riga, kuma ba na jin kunyar faɗa, tsoro ya kama ni ƙwarai.

A na ukun na tarar da wata 'yar tsohuwa tana jan ruwa. Ta dube ni tana dariya.

"Kai na wanda ba a ƙidaya ba? To wa za shi neme ka, ɗana?"

Ta lalubo tsakuwa cikin guganta, ta wurga ta bayan katanga, na ji ƙwas a kasko. Ina juyawa ga ƙofa a gabana, a buɗe.

A waje na iske mota ta riga ta tashi, har ta kai bakin hanya ta tsaya. Inna ce ta fara fitowa da hannu a ƙirji, ta ce, "Wallahi sai yanzu na tuna ina da kai." Uwar da ta haife ni! Matata ta ce ko kujerata da ta gani ba kowa, bai dame ta ba.

Tsohon ya miƙo mini kasko. Tsakuwa ɗaya ce ciki, jiƙe sharkaf. Na tambaye shi tsohuwar da ke jan ruwa, ya ce rijiyar ta ƙafe tun yana saurayi, in ɗauki tawa in tafi.

Har yau a gida ana tsokanata da zancen, ina taya su dariya, amma kalmar Inna ba ta bar ni ba. Ban san mece ce na gani ba, Allah ne masani. Ku dai in kun je wurin mutane suka ce ga yadda ake shiga, ku riƙe bakinku, ku yi addu'arku, kada ku raina mai gadi.