Ɗumin da ke Bi ta Bayan Katangarmu

Da na ajiye aikin koyarwa a Gumel, sai na kwashi iyalina muka koma gidanmu na gado, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Gidan shi ne na ƙarshe ta gabas, daga katangarmu ta baya sai gonaki. Babban ɗana da ke aiki a Kano ya ga zaman ya fara isata, shi ne ya zo mini da na'urar auna yanayi, wai tunda darasin noma na koyar, in riƙa ɗebe kewa da ita.

Kashi biyu ce. Na waje yana da 'yar farfela da kofin tarar ruwan sama, muka ɗaure shi a kan dogon ƙarfe a kusurwar katangar baya, kusa da turken awaki. Na ciki ɗan gilashi ne kamar waya, na jingine shi a kan teburin ɗakina. Yana nuna zafi da sanyi da ƙarfin iska, yana kuma zana layi mai hawa da sauka na yadda aka wuni da yadda aka kwana. Da damina maƙwabta suka yi ta leƙowa suna tambaya ko za a yi ruwa, ina ce musu ita abin da ya sauka take faɗa, ba abin da ke tafe ba. Da suka gane haka sai suka daina zuwa.

Da sanyi ya shigo na saba da yadda layin yake tafiya. Daga isha yake fara gangarowa a hankali, ba ya juyawa sai rana ta ɓullo. Wata safiya na dawo daga masallaci ina shan koko, sai na ga wani tozo a jikin layin. Dab da asuba zafi ya yi tsalle sama, kamar an hura wuta a ƙarƙashin na'urar, ya ɗan jima, ya faɗo inda yake.

Na tambayi maiɗakina ko ta kai garwashi wajen.

Ta ce, "Malam, me zai kai ni hura wuta a turken awaki?"

Abin ya ci gaba. Ba kullum ba, amma in zai zo, tsakanin kiran farko ne da assalatu. Na sauya batir, na sauke na'urar na goge ta, na mayar. Na kira ɗana na gaya masa. Ya ce iska mai ɗumi takan kwanta a saman mai sanyi, in aka ɗan kaɗa sai ta gangaro. Na san wannan, ni ma na koyar da shi. Sai dai a duk asubar da tozon ya fito, farfelar ba ta motsa ba ko kaɗan.

Ya yi dariya ya ce, "To Baba, ko akuya ce ke hura mata numfashi?"

Ƙarfen kuwa ya fi katanga tsawo.

Na fara yin alwala da wuri, in lulluɓa da bargo in je kusurwar in tsaya kafin lokacin masallaci. Ranar da na dace, tun kafin in ƙarasa na lura awakin duk a tsaye suke, sun fuskanci katanga, ba mai tuƙa. Zakarun gari da suka fara cara sun yi tsit. Yatsuna sun ƙage don sanyi, ina hura musu baki, sai na ji ɗumi ya sauko mini a fuska ta saman katangar. Ɗumi ne mai laima, irin wanda mutum ke ji in ya kutsa tsakiyar garke da sassafe. Warin ma haka, na kashin shanu da gumin jikinsu. Amma ba motsi, ba huci, ba ƙarar kofato.

Na taka wani tsohon turmi da ke kife a wurin, na haska tocila ta bayan katanga. Gona ce an girbe, sai kututturan kara a jere har inda hasken ya ƙare. Ina tsaye a kan turmin ina jin ɗumin yana shafata yana wucewa, daga kudu ya nufi arewa. Da ya ƙare sanyi ya dawo lokaci guda, awakin suka kwanta. Na je masallaci, amma ban san surar da liman ya karanta ba. Da gari ya waye na zaga baya, ba sawun komai sai na kaji da na wani babur.

Da na ba maiɗakina labari ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta daɗe tana jin warin in ta fito ɗibar ruwa, ta ɗauka daga ruga iska ke kawo shi. Na ce ai rugar tana yamma, kuma 'yan shanun da suka rage musu ba su kai su yi wannan warin ba. Sai ta ce, "Ka yi addu'a ka bar wajen nan, Malam."

A rugar akwai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, muna ce masa Baffa. In ya dawo daga kasuwar Maigatari yakan yada zango a zaurenmu ya sha ruwa. Na kawo masa zancen cikin raha, don kada ya ga tsohon malami ya fara ruɗewa. Bai yi dariya ba, ya tambaye ni wace kusurwa ce. Da na faɗa masa sai ya ce, "Burtalin ke nan."

Ni ma na san da shi. Muna yara mukan hau katangar nan mu kalli shanu suna wucewa, kafin gonaki su cinye hanyar. Abin da ban sani ba shi ne wanda ya gaya mini a ranar. Shekarar da ciwo ya shiga shanu, shi da mahaifinsa sun kora garkensu ta nan da asubar sanyi, suna son su tsallaka iyaka su tsere wa cutar. Ta riga su isa can. Da sanda kawai suka dawo.

Da ya gama ba ni labarin sai ya ce, "Malam, za ka bar ni in kwana a zauren nan?"

Asubar farko ba abin da ya faru, haka ta biye. Ya ce ba ya gaggawa. A wata asubar muna tsaye a bayan katanga, a cikin gonar, sai na ji zakaru sun ɗauke. Baffa ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya taka gaba kaɗan. Da ɗumin ya iso ya fara magana da Fillanci ƙasa ƙasa, yana kiran wasu kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yana dakatawa a tsakaninsu. Daga baya na gane sunayen shanu ne.

Wannan karon ɗumin bai wuce ba. Ya tsaya ya kewaye mu, har gumi ya karyo mini a cikin bargo. Na ga Baffa ya miƙa hannu daidai ƙugunsa, tafin yana kallon ƙasa, yana shafa iska a hankali. Na kasa ko addu'a. Sai da aka kira assalatu ya faɗi wata gajeriyar kalma, ya matsa gefe kamar mai ba da hanya. Ɗumin ya bi arewa.

Muna tafiya masallaci na ce, "Baffa, me ka gani?"

Ya ce, "Ban ga komai ba, Malam. Kai ka gani?"

Na ce a'a.

Mun kusa ƙofar masallaci ya ce, "Amma ba su rame ba."

Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tambaye shi ba. Da bazara 'ya'yansa suka ɗauke shi suka koma wajen Gagarawa, a can Allah ya yi masa rasuwa. Maiɗakina ta sa aka mayar da turken awaki gaban gida. Na'urar tana nan inda take. Wata shekarar tozon yakan fito, wata shekarar har sanyi ya wuce ba na ganinsa, kuma ban ƙara zuwa kusurwar da asuba ba.

Da aka fara sharar gona na je wajen mai gonar bayanmu, na roƙe shi ya bar ɗan fili a jikin katangata kada ya shuka. Ya tambaye ni dalili, na ce saboda ruwan indararo. Ya dube ni, ya dubi katangar da ba indararo ko ɗaya a jikinta, ya ce to. Har yanzu yana barin wurin, ciyawa ce kawai ke fitowa.