Ranar da Hadari Ya Rufe wa Rumasa'u Titin Sauka

Wata rana a Kaduna, wata makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta shirya gasa a wani babban ɗakin taro.

Ba jirgin gaske ba ne. Wasan kwamfuta ne, irin wanda za ka zauna gaban allo, ka riƙe sandar tuƙi da totur, ka tashi da jirgi ka sauke shi kamar da gaske.

Amma ladan na gaske ne: waɗanda suka burge alƙali za a ɗauke su karatu kyauta.

Cikin masu gasar akwai wata budurwa, Rumasa'u.

An san ta a soshiyal midiya da ɗora bidiyon wannan wasa. Ka san a cikinsa akwai madannin canza kyamara. Ko dai ka zauna a ɗakin matuƙi, agogunan da ke nuna tsayi da gudun jirgi a gabanka, ko ka fito waje kana hangen jirgin daga baya, fukafukai na sheƙi a rana.

Rumasa'u 'yar kyamarar waje ce. Nan kyau yake, nan ake samun yabo.

Mahaifinta, Malam Isyaku, bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Da ƙyar ya yarda ya rako ta, shi ma da sharaɗi: in ba ta dace ba, ta haƙura da zancen jirgi, ta karɓi gurbin karatun jinya da ya nema mata.

Ga shi can a layin baya, ya harɗe hannu.

Aka kira sunanta.

Ta tashi da jirgi lafiya lau. Jama'a na kallo a ƙaton allon bango, har da masu tafi.

Da ta juyo za ta sauka, sai alƙalin gasar, wani tsohon matuƙi da ake kira Kyaftin Bawa, ya taɓa wani abu a kwamfutarsa.

Nan take hadari ya haɗo a allon.

Ruwa ya kece. Gajimare ya haɗiye titin sauka, ya haɗiye garin baki ɗaya.

Kafin ta yi wani tunani, yatsarta ta kai kan madannin da ta saba.

Kyamarar waje.

Ba komai sai jirgi a cikin baƙin gajimare, ba a gane sama balle ƙasa.

Ta canza zuwa ta gefe. Duhu.

Ta canza zuwa ta wutsiya. Duhu.

Sai ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka. Ta ji wani ya tuntsire da dariya a bayanta. Wayoyi sun tashi sama, ana ɗaukarta.

Kyaftin Bawa ya sunkuyo kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, kallon jirgin kika zo yi ko tuƙa shi?"

"Ranka ya daɗe, ba na ganin hanya!"

"Ai ba a waje take ba. Koma kujerarki."

Ta danna. Ta dawo ɗakin matuƙi.

Ta kai idonta kan agogunan. Allurar tsayi na zubewa. Gudu ya ragu sosai. Fiffiken hagu ya karkata ƙasa.

Ashe tun ɗazu agogunan ke faɗa mata gaskiya, ita ce ba ta nan.

Ta yi salati, ta tura totur har ƙarshe. Ta daidaita fukafukan. Ta jawo hancin jirgin a hankali, a hankali.

Allurar ta tsaya.

Sannan ta fara hawa.

Can gajimare ya yage, sai ga titin sauka a ƙarƙashinta, amma ta riga ta cinye rabinsa.

Ɗakin ya kaure da ihu: "Sauka! Ki sauka mana!"

Ba ta sauka ba. Ta ɗaga jirgin, ta sake zagayowa, idonta a kan agoguna. Ta saki tayoyi. Ta sassauta totur.

Jirgin ya daki ƙasa da ƙarfi, ya yi tsalle, ya sake dira, ya je ya tsaya dab da ƙarshen kwalta.

Saukar ba kyan gani.

Ta miƙe, ta kasa kallon layin baya. A ranta ta riga ta sallama.

Da aka zo kiran sunaye, ba ita ce ta ɗaya ba, ba kuma ta biyu ba. Amma an kira ta. Kyaftin Bawa ya shaida wa taron cewa ya zaɓe ta ne saboda ta ƙi sauka a lokacin da kowa ke mata ihun ta sauka.

Ta waiga. Malam Isyaku na tsaye, ya matse hularsa a hannu har ta cukurkuɗe, bai ma sani ba.

Ta ƙarasa wurinsa.

"Ashe haka abin yake?" in ji shi. "Mu je gida, ki faɗa wa mahaifiyarki da bakinki."

Darasi: Da yawanmu daga waje muke kallon rayuwarmu, muna auna yadda muke a idon mutane. Ranar da hadari ya taso, wannan kallon ba ya sauke kowa lafiya. Koma kujerarka, ka dubi gaskiyar da ke gabanka, ka bar masu ihu su yi ta yi.

In ka san wanda hadari ya rufe wa hanya a kwanakin nan, tura masa wannan. Allah Ya sauke mu lafiya.