Ranar da Kunu Ya Fito wa Surukata ta Hanci

Ko zan manta da komai na zamanmu a unguwar Television ta Kaduna, ban da safiyar da wanzami ya zauna a ƙofar ɗakina da zabirarsa yana jiran a miƙa masa 'yata.

Lokacin ina jegon fari. Tun daga asibiti jaririyar ba ta iya kama nono. Ta ja, ta ja, sai madarar ta dawo ta hanci, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Likita ya haska bakinta ya ce naman can ciki na saman baki ne ya zo a tsage, wanda yake ɗagawa ya rufe hanyar hanci in mutum zai haɗiye. Ya ce za a ɗinke in ta yi ƙwari, amma kada a bar kowa ya taɓa wurin, don da ɗan naman da ya rage za su yi aikin. Har ya ƙara da cewa a yarensu na likitoci sunan naman yana nufin ƙyallen da ake ɗaura wa jirgin ruwa iska ta tura shi. Na gyaɗa kai kawai, barci nake ji.

Mijina direba ne, yana hanya. Wadda ta zo yi mini wankan jego ita ce uwarsa, kuma Mama ba ta zo da shakka ba. Kallo ɗaya ta yi wa yarinyar ta ce beli ne, wato 'yar tsokar nan da ke reto a maƙogwaro. Duk 'ya'yanta an cire musu, ga su nan garada. Wata maƙwabciya ta ce ta san wani wanzami a Makera mai sauƙin hannu. Ban san sun gama magana ba sai da na ji sallamarsa.

Abin haushin, ni malamar Hausa ce a sakandare. Shekara da shekaru ina zana baki a allo ina nuna wa ɗalibai hanƙa da ganɗa da hanɗa. Na san sunan wurin sarai. Na ce, "Mama, ba beli ba ne, hanɗarta ce a tsage. Inda bayan harshe yake taɓawa in kin furta 'ka' ko 'ga'."

Ta ce, "Handa kuma? Malama, abeg, ba aji muke ba. Ni na haifi mijinki, ban taɓa jin handa ba."

Na gaji. Ba gajiyar jiki kaɗai ba, irin wadda kana da gaskiya amma ba ka da bakin faɗarta. Ga yarinya tana tsala kuka a kafaɗata, ga wanzami a waje yana gyaran murya, ga Mama ta zauna bakin gado da kofin kunun zaki ta miƙo hannu ɗaya a ba ta jikarta. Na san in ta karɓe ta, magana ta ƙare.

Sai zancen likita ya faɗo mini. Na lalubo kalmar da nake ji a coci in ana karanta labarin jirgin ruwa, na ce, "Mama, kamar filafili ne. Yana ɗagawa ya tare iska."

To, a Kaduna wa ya taɓa ganin jirgi mai ƙyalle? Masu kwalekwalen kogi da gora suke turawa. Filafilin da Mama ta sani shi ne na fanka. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta dube ni, ta ce, "Fanka? A bakin jaririya?" Dariya ta kama ta daidai lokacin da ta kurɓi kunu. Ta ƙware. Kunun ya fito mata ta hanci, ga citta ga barkono. Ta yi ta tari, hawaye na zuba, tana dukan ƙirji tana kiran sunan Yesu.

Ban ko ce mata sannu ba. Na ce, "Mama, wannan ƙofar da ta kasa rufe miki yanzu, ita ce tata ba ta rufuwa. Abin da kika ji, shi take ji duk lokacin da ta sha nono. In aka yanke abin da ya saura, da me likita zai ɗinke?"

Ta share hanci da bakin zani. Ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta ce, a hankali, "Kowane shan nono?" Na ce kowanne. Ta tashi ta fita, na ji tana ce wa wanzamin, "Baba, yi haƙuri, mun tashe ka a banza." Da ta dawo, ita ta karɓi cokali ta zauna tana ɗiga wa jikarta madara kaɗan-kaɗan, a zaune a miƙe yadda aka nuna mana, tana kuka ba sauti.

An yi aikin daga baya, yarinya ta girma, surutu kamar aku. Har yau ina koyar da hanɗa a aji, don jarrabawa tana tambaya. Amma tun ranar na gane cewa sanin sunan abu daban, sa mutum ya ji shi daban. Wanda kake so ya tausaya wa ciwo, kada ka tsaya gaya masa sunan ciwon, ka nuna masa inda yake a jikinsa.