Bencin Baya Kusa da Injin Markaɗe

Shekara biyu na yi ina koyar da aji biyu a wata ƙaramar makarantar firamare mai zaman kanta a Sabon Gari, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa hannun irinmu. A Samaru nake zaune, a ɗakin yayata. Kullum sai na yi kokawar shiga bas da sassafe, in sauka in ƙarasa da acaɓa, in iso raina ya riga ya ɓaci. Ina da saurin fushi, wannan ban taɓa musu ba. Yara sun fi arba'in a ɗakin da a da shago ne, allon kuma ya koɗe, sai mun shafe shi da baƙin tsohon batir kafin alli ya kama.

A zango na biyu muka shiga ƙarshen kalmomin Turanci. A littafi abin ba wuya: idan wasalin gajere ne, sai a ninka harafin ƙarshe ko a sa "ck", kamar a "bell" da "miss" da "duck". To amma sai kunne ya ji gajartar kafin hannu ya rubuta. Haka zan tsaya ina tafa hannu ina maimaitawa, su kuma suna amsawa da ƙarfi kamar 'yan kwaya a coci, rabinsu ba su san abin da suke faɗa ba.

Mai makarantar, wadda muke kira Madam, tana da tsarinta. Kowace Juma'a a yi shifta, kalma goma. Ranar Litinin a sake wurin zama: wanda ya ci da yawa ya dawo gaba, wanda ya faɗi ya koma baya. Bencin ƙarshe yana jikin tagar da ke kallon injin markaɗen maƙwabta, wanda ba ya hutawa sai in an ɗauke wuta. Gaskiya na so tsarin nan, domin yana rage mini surutu.

Akwai wata yarinya siririya da ta riga kowa zuwa ranar farko, ta kama tsakiyar bencin gaba ta zauna. Idonta kullum yana kan bakina, har abin ya fara ba ni haushi. Na taɓa daka mata tsawa na ce, "Ke, zinariya kika gani a haƙorina? Kalli allo!" In ina karanta shifta kuwa yawo nake yi cikin aji don in kama masu satar amsa, sau da yawa daga bayansu nake magana. Makon farko ta ci shida, ta koma benci na biyu. Na gaba ta ci huɗu. Kafin zango ya raba ta isa jikin taga, kuma daga nan ba ta ƙara wuce ɗaya ba. Na zane ta a tafin hannu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ba ta kuka, sai ta dube ni kawai, wannan ma ya ƙara tunzura ni.

Sai da muka kusa ƙarshen zango na uku na gane. Wani tsohon benci da aka jingine da bango ya kife a bayanta da ƙarar da ta sa duk ajin suka zabura, har ni. Ita ko motsi ba ta yi ba, tana ta rubutunta. Da aka tashi na tsayar da ita. Na tsaya gabanta na karanta kalma goma a hankali, ta ci takwas. Na koma bayanta na karanta wasu goma, fensirin bai ko taɓa takarda ba. Ashe ba ta ji, bakina take karantawa.

Washegari na dawo da ita gaba. Kafin a fita tara Madam ta leƙo, ta kira ni waje ta ce, "Malama, kar ki ɓata mini tsari. Iyayen masu ƙoƙari suna leƙowa su ga inda 'ya'yansu suke." Na yi mata bayani, ta ce in dai haka ne to ba nan ce makarantar yarinyar ba. Ni da nake da zafi a gaban 'yan shekara bakwai, abin da na iya faɗa shi ne, "To, Ma." Yarinya ta kwashi jakarta ta koma jikin taga. Bayan mako biyu aka yi jarrabawa, ita ta zo ta ƙarshe.

Ranar hutu uwarta ta zo karɓar sakamako, da ƙurar doya a zaninta, don a kasuwa take sayarwa. 'Yar wajenmu ce, daga kudancin Kaduna. Ta duba katin, ta ja ni gefe, yarinyar tana riƙe da bakin zaninta.

Ta ce, "Malama, sannu da aiki. Bari in gaya miki gaskiya, tun da sanƙarau ya kama ta tana shekara uku kunnen ya tafi, saura kaɗan. Mun ɓoye ne don kar a ƙi ɗaukarta. Babanta bai so ba ma, ni na roƙe shi ya ba ta shekara ɗaya mu gani. In bai yi ba, ta tafi ƙauye wurin kakarta."



Ta ce, "Na ce mata ta riƙa zama gaba, kusa da ke. Kullum ina tambayarta, tana ce mini a gaba take. To a gaba ma ga abin da ta kawo, me kuma zan gaya wa babanta? Ai a gaba take zama, ko Malama?"

Na dubi yarinyar. Idonta yana kan bakina, ta damƙe zanin uwarta da hannu biyu. Na san idan na faɗi gaskiya za ta sha duka a gida don ta yi ƙarya shekara guda, amma wataƙila uwar ta samu abin da za ta sake roƙon uban da shi. Na san kuma gaskiyar ni za ta fara tonawa. Har yau ina gaya wa kaina don yarinyar na yi, ban kuma taɓa yarda da kaina ba.

Na ce, "E, Mama, a gaba take."

Uwar ta ninke katin ta cusa a zani, ta yi mini godiya. Da aka dawo hutu babu sunan yarinyar a rajistar aji uku.