Ranar da Na Sauke Yaya Daga Motar Gara

Ranar kai garar ɗiyar ƙanwata ba za ta taɓa fita raina ba, don ranar ce na ga karatun da na yi da girma ya tashi mota.

Lokacin na haura arba'in, ina zuwa makarantar manya da yamma. Yayarmu, babbar ɗakinmu, ba ta da abin tsokana sai ni. "Tsohuwa mai jakar boko," haka take kirana.

Muka loda a-kori-kura a Ƙofar Marusa za mu Kambarawa, buhunan shinkafa da gero, jarkokin mai, daron alkaki da dubulan. Yaya ta hakimce a gaba. Ba mu yi nisa ba motar ta mutu. Direba ya ce batir ne, sai an tura. Dangin ango kuwa tun azahar suke jiranmu, kuma kowa ya sani, in gara ta makara amarya ce za ta sha gori.

Mu mata huɗu 'yan rakiyar gara muka ci ɗamara da gyale muka dafa motar. Mota tana rarrafe, direba ya saki kuloci, ta yi tari ta tsaya. Har sau uku. Numfashinmu ya fara ƙarewa.

Nan darasin malamarmu ya faɗo mini. Cewa ta yi gudun abu yana ƙaruwa ne gwargwadon ƙarfin da aka tura shi, nauyi kuma shi ke cinye wannan ƙaruwar. Ko ki ƙara ƙarfi, ko ki rage nauyi. A aji ban ga amfanin maganar ba, sai da na ji ta a kafaɗata.

Na ce, "Malam direba, a sauke buhunan nan. Yaya, ke ma sauko."

"Ni? Mi kika maishe ni, buhun gero?"

"Ai kin fi buhu, Yaya. Sauko ki dafa, nauyi ya ragu, hannu ya ƙaru."

Direba ya sunkuyar da kai yana dariya. Aka sauke buhunan, Yaya ta sauko tana surfa mini zagi, amma fa ta dafa. Ba mu yi taku goma ba motar ta ƙwace daga hannunmu ta kama. Muka mai da kaya, muka isa kafin la'asar, aka tarbe mu da guɗa.

Tun daga ranar, in abu ya ƙi motsi ba na saurin cewa ƙarfina ya gaza. Ina fara duba wanda ya zaune a kai, in ce masa ya sauko, ko da kuwa yayata ce.