Uwar Duhu da Koren Silifas

Ko zan manta da komai na aikin ɗab'i, ba zan taɓa mantawa da ranar da littafinmu na zane ya fito kasuwa ba, don saura ƙiris ranar ta ci mini aure. Ku yaran yanzu da kuke danna kwamfuta shafi ya fito, ku matso ku ji.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a kusa da unguwar Kawukudi, ta wani Alhaji Bawa, Allah ya ji ƙansa. Katin biki da kalanda muke bugawa. Wata rana Alhaji ya ga yara a Kasuwar Malam Atta sun yi cincirindo kan tsofaffin littattafan zane na Turawa, suna kallon hoto ba su jin Turancin. Ya dawo ya ce mu ma za mu yi namu da Hausa.

Labarin shi ne, shekaru dubbai nan gaba, duniya ta cika, mutane sun koma zama a garuruwan ƙarfe da ke rataye tsakanin taurari. Sai ga wasu masha jini suna yawo cikin baƙin jirgi. Can kuwa rana ba ta fitowa balle ta kore su, don haka ba su da hutu. Shugabarsu Uwar Duhu, jarumin da ke yaƙarsu kuma sunansa Garkuwa, yana tashi sama ba fiffike.

Ga yadda aikin yake. Mai zanenmu Tete, ɗan ƙabilar Ga ne daga bakin teku, shi ke zana shafi da fensir, ya bi da tawada, ya bar fili kusa da bakin kowa. Ni kuma, da yake hannuna na da kyau, nake cika filin da magana. Daga nan a kai wa mai inji. Aikina ne kuma in duba kowane shafi kafin ya wuce, shi ya sa Alhaji ya sa sunana a bango: "Magana daga Salifu." Na yi ta hura hanci da wannan suna.

Abin da ban sani ba, Tete ba ya iya ƙirƙiro fuska daga kansa. Sai ya ga mutum. Kullum da safe yakan shiga unguwar Nima sayen waakye, shinkafa da waken nan namu, yana cikin layi yana satar fuskokin jama'a a takarda.

Ni kuwa a lokacin ina neman auren Adiza, 'yar Hajiya Memuna mai waakye. An kai goro, an sa rana bayan Babbar Sallah. Ubana mutumin Sakkwato ne, ya kuma hore mu da cewa namiji ba ya kallon surukarsa. In na je gidan, tun daga ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa. In zan wuce rumfarta, sai in bi ta bayan kwata. Abin da na sani na Hajiya duka biyu ne, muryarta da koren silifas ɗinta.

Haka na zauna na zuba wa Uwar Duhu magana shafi bayan shafi. Mace ce ƙosasshiya, da tsaga biyu a kumatu, da dogayen fiƙoƙi, ɗaya na zinariya. Har na yaba wa Tete, na ce wannan fuska da gani ka ga muguwa. Ni ne na rubuta mata: "Ku kawo mini yaran unguwa, jininsu ya fi zaƙi."

Ranar da littafin ya fito, kafin azahar ya ƙare a unguwannin Nima da Maamobi. Alhaji sai murmushi. Da la'asar sai ga Adiza ta shigo maɗaba'a ko sallama babu, ta buga littafin a teburina.

"Salifu, me uwata ta yi maka?"

Na ce wace uwa? Ta ɗora yatsa a kan Uwar Duhu. Ta ce tsagar ta Mma ce, haƙorin Makka na Mma ne, hatta ɗaurin kallabin. Ta ce tun safe yara ke leƙen rumfar suna gudu, mata kuma sun fara raɗa cewa dama ana zargin Hajiya mayya ce. Rabin tukunya aka mayar gida. Kun san mai sayar da abinci in aka ce mata mayya, an kashe ta da rai. Wallahi na ji kamar in shige ƙarƙashin inji.

Na juya wajen Tete. Shi ko a jikinsa. Da guntuwar Hausarsa ya ce, "Chale, abokina, Hajiya yana da fuskar sarauniya. Ni na ba shi babban matsayi."

Washegari aka kira ni gidan. Yayan Hajiya, Malam Idi, shi ne alƙali. Na durƙusa kamar kullum, muryar Hajiya na sauka a kaina. Ta ce a mayar mana da goronmu. Na rantse ban san fuskarta ba ce, don ban taɓa ganin fuskarta ba.

"Ƙarya yake, Yaya. Yaron da ya fi shekara yana sintiri a gidan nan?"

Malam Idi ya tambaye ni, to da me nake gane ta? Na ce da silifas, kore ne. Sai ya ce in fita waje za su yi shawara. Can ya leƙo ya ce, "Shigo ka ba ta haƙuri da kyau, ko Allah zai sa ta sauko."

Na shiga idona a ƙasa. Ƙafafu huɗu a gaban benci. Na nufi koren silifas na zube, na shiga magiya. Na ce ke ce uwata, ke ce ubana, in kin kore ni ina zan nufa? Har da hawaye, don da gaske nake. Ina cikin haka sai na ji murya daga ɗaya gefen.

"Ga ni nan, sakarai. Ƙanwata Fati kake wa kuka."

Ashe Malam ya sa sun yi musayar silifas. Gidan ya ɗauki dariya, har Hajiya. Ta ce lallai wannan makaho ne ba mugu ba, a bar goron.

Amma sunanta fa? Alhaji ya ce zai tattaro littattafan ya ƙone. Hajiya ta ce abin da ido ya gani wuta ba ta goge shi, inda aka ɓata ta nan za a wanke ta. Saboda haka a fitowa ta biyu aka gano cewa Uwar Duhu sace fuskar wata baiwar Allah ta yi, mai dafa wa garin taurari abinci. Mai fuskar ta zo da ludayinta ta tarwatsa masha jinin nan kaf, Garkuwa na tsaye yana riƙe mata mayafi. Maganar shafukan ma Hajiya ce ta aiko Adiza da ita, ni rubutawa kawai na yi, tare da gargaɗi ga Tete ya rage faɗin hanci. Bayan fitowarsa layin rumfarta har titi.

Tun daga nan na koyi cewa mai duba shafi ba harafi kaɗai yake dubawa ba, kuma duk abin da ka buga a unguwa, yana da 'yan uwa. Muka kafa doka, ba fuskar da za ta hau inji sai an nuna wa Maame, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan, a ƙofarmu, wadda ta san kowa.

Hajiya ta ba ni Adiza, ta goya 'ya'yana, ta riƙe ni kamar ɗan cikinta har Allah ya karɓi abinsa, kuma ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba. In kewarta ta taso mini, littafin nan nake buɗewa. Fuskar surukata da na sani ke nan, da fiƙoƙinta.