Hannu a Murhu

Yau a Ajingi aka ba ni sababbin ma'aikatan jin daɗin jama'a in horar, ni da ban gama sakandare ba! Masu digiri sai haƙuri. Nan take marigayi Baba, maigidana a aikin, ya faɗo mini a rai.

Wata rana ni da shi mun je ƙauyen Balan duba wata mai shanyewar ɓarin jiki, ga ɗanta da taɓin hankali. Ina zaro takarda, Baba ko ya cusa hannu a murhunta.

"Kai, ajiye biron nan! Toka ta yi sanyi. Wa ke shan magani da yunwa?"

Sai da ta sha kunu aka yi maganar asibiti. Wallahi daga baya har ta taka da ƙafarta!

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ni ko rabin idonsa.